Tambaya da Amsa: An Rufe Makarantarmu, Ta Ina Za Mu Fara Haɗa Zumunci?

Tambaya: Mai shafi, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Shekaruna sun haura 60, kuma na yi firamare a makarantar da ikilisiyarmu ta Katolika ta gina a gefen majami'a. An daɗe da rufe ta, tun da ɗalibai suka ragu, sistocin (matan da suka keɓe rayuwarsu ga hidimar coci) da ke koyar da mu kuma suka tsufa ba a sami masu maye gurbinsu ba. Kwanan baya mu shida 'yan aji ɗaya muka haɗu wajen jana'izar abokinmu, muka yi ta tuna ƙararrawar safe da sistar da ta fara koya mana karatu, sai muka tarar babu wanda zai iya kawo sunayen 'yan ajin gaba ɗaya. Muna so mu kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, amma wasu suna cewa wahalar banza ce tunda makarantar ba ta nan. Ta ina za mu fara, kuma a ina za mu sami rajista da hotuna?

Daga wani dattijo mai karanta mujallar nan.

Amsa: Baba, Allah ya jiƙan abokinku, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ban yarda da masu cewa wahalar banza ce ba, domin rufe makarantar shi ne ma babban dalilin kafa ƙungiyar. Makarantar da ke aiki tana da ofis da malamai masu riƙe tarihinta ko da tsofaffin ɗalibai sun yi sakaci, amma wadda aka rufe ba ta da kowa sai ku, kuma kowace jana'iza irin wadda kuka je tana tafiya da wani yanki na labarin.

Abin da ya sami makarantarku ya sami dubbai irinta. A Amurka, inda taron bishop-bishop na birnin Baltimo ya umarci kowace ikilisiya ta gina makaranta a 1884, ɗaliban makarantun Katolika sun haura miliyan 5 a tsakiyar shekarun 1960, yau kuwa ba su kai miliyan 2 ba. Ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne wanda ka ambata. Sistoci sun kai kusan 180,000 a ƙasar a 1965, masu yawa daga cikinsu suna koyarwa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma da yawansu ya ragu sai ya zama dole a ɗauki malamai masu cikakken albashi, kuɗin makaranta ya tashi, iyaye masu ƙaramin ƙarfi suka janye 'ya'yansu. Na kawo wannan ne domin kada ƙungiyarku ta soma da neman wanda za a ɗora wa laifi, abin da ke raba kan mutane tun kafin su zauna.

Game da takardu, ku fara da fada, wato limamin cocin da ke kula da ikilisiyar a yanzu, domin bisa Dokokin Coci na 1983 shi ne wakilin ikilisiya a kan dukiyarta, kuma sashe na 535 ya wajabta wa kowace ikilisiya ta kasance da ma'ajiyar littattafanta na baftisma da aure da mutuwa. Rajistar makaranta ba ta cikin waɗanda sashen ya lissafa, amma sau da yawa a ofishin ikilisiya ake ajiye ta idan an rufe makaranta. Idan ita ma ikilisiyar an rufe ta ko an haɗe ta da wata, ku tambayi wadda ta gaje ta, sannan ku rubuta wa ofishin bishop, wanda yake da tasa ma'ajiyar takardun. Akwai wuri na uku da mutane suke mantawa da shi, wato gidan ƙungiyar sistocin da suka koyar da ku, domin irin waɗannan ƙungiyoyi sukan adana sunayen sistocin da suka yi aiki a kowace makaranta da shekarun da suka yi, wani lokaci har da hotuna. Ku nemi izinin ɗaukar hoton takardun, kada ku ce a ba ku na asali, kuma kada ku ji haushi idan aka hana ku ganin sakamakon jarrabawar wani, domin wannan sirrin mai shi ne.

Sai dai a ganina aikin da ya fi gaggawa ba ya cikin akwatin takardu. Takarda tana iya jira shekara guda, tsoho kuwa ba lallai ne ya jira ba. Ku nemi malaman da suka rage da 'yan ajujuwan da suka gabace ku, ku je har gida ku gaishe su, ku ɗauki muryarsu da waya bayan sun amince. Ku tambaye su ƙananan abubuwa, domin su ne ke buɗe bakin mutum: wane ne yake kaɗa ƙararrawa, wace waƙa ake rerawa kafin shiga aji, wane ne ya zauna kusa da taga. Kowane tsohon hoto a rubuta sunayen mutanen da ke cikinsa da shekarar da aka ɗauke shi tun mai gane fuskokin yana raye, domin hoton da ba suna bayan shekara 20 ya zama hoton baƙi. Kuma ku ba wa wanda ya sha wuya a makarantar damar faɗin nasa ba tare da an katse shi ba, tunda ba kowa ne ya bar ta da farin ciki ba, kuma shi ma ɗan makarantar ne.

Ita ƙungiyar, sashe na 215 na Dokokin Cocin ya ba ku 'yancin kafa ta, amma idan za ku sa kalmar Katolika a sunanta, sashe na 300 ya ce sai da yardar hukumar Coci. Ku tsayar da rana ɗaya a shekara, misali ranar bikin waliyyin da makarantar ke ɗauke da sunansa, a yi Misa, wato babbar ibadar Katolika, a karanta sunayen waɗanda suka rasu. Ina kuma roƙonku ku ɗora wa kanku wani aiki, kamar biyan kuɗin karatun wani yaro ko kula da tsohon malamin da ba shi da mai taimako, domin taron da hirar tuna baya kaɗai ke riƙe da shi yakan yi sanyi idan an ji labaran sau biyu ko uku.

Tambaya: Ni ba 'yar Katolika ba ce, amma a makarantar cocinsu na yi shekara shida, kuma an rufe ta. An gayyace ni taron tsofaffin ɗalibai, sai nake jin kamar zan zama bare. Ya dace in je?

Daga wata baiwar Allah.

Amsa: 'Yar'uwa, ki je, kujerarki ce. Takardar da babban taron Batikan na biyu ya fitar a kan ilimi a watan Oktoba na 1965 ta bayyana cewa Coci yana matuƙar daraja makarantunsa da ɗaliban da ba Katolika ba suke halarta, kuma ita ce ta ƙarfafa wa malamai su ci gaba da zumunci da ɗalibansu bayan sun kammala karatu. Idan akwai Misa a cikin shirin, kina iya zama cikin natsuwa ba tare da karɓar Jibi ba, wato gurasa mai tsarki da ake rabawa, ko ki iso bayan an tashi, kuma babu wanda ya kamata ya tuhume ki a kan ko wanne kika zaɓa. Idan kina da tsohon hoto ko katin sakamako, ki tafi da shi, ki kuma rubuta sunayen 'yan ajinku da kike iya tunawa kafin ranar taron.