Kayan koyar da lissafin mutanen Maya

Malam, ka tambayi inda za ka samo kayan koya wa ɗalibai lissafin Maya, wato al'ummar asali ta kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya. Fara da shafin intanet na Living Maya Time na Smithsonian, cibiyar gidajen tarihi ta Amurka, kyauta ne, da Turanci da Sifaniyanci. A aji kuwa, wake da tsinke da wuri sun wadatar: ƙwayar wake 1, tsinke 5, wuri sifili. Ana jerawa daga ƙasa zuwa sama, kowane hawa ninki 20 ne na ƙasansa. Wajen ƙidayar kwanaki yara ke tuntuɓe, domin a nan hawa na uku 360 ne, ba 400 ba, tunda na biyu a 18 yake cika. Daga baya nuna musu hotunan Kundin Dresden, tsohon littafin Maya da ke ajiye a Jamus, su karanta lambobin da kansu.