Sojan baka, ɗan kanzagi da mai sharhi

Tambaya: Malam, mene ne asalin “sojojin baka”, kuma daidai ne a kira su masu sharhi?

Amsa: “Soja” aro ce daga Turanci tun zamanin mulkin mallaka, ta zauna daram har ta haifi “sojan gona”. “Baka” kuwa sigar “baki” ce, irin wadda ke cikin “adabin baka” da “ya sa a baka”. Sojan baka ke nan wanda harshe ne makaminsa, yana kare uban gidansa, yana yagar abokan hamayya. Sunan ya yi ƙarfi a Kano bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, musamman da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, irin su Freedom a 2003, ’yan siyasa suka fara sayen fili a shirye-shirye.

Sana'ar dai ta girmi rediyo. Fada na da maroƙa da sankira, wato mai yi wa sarki kirari da shela, kuma Hausa na da kalma tun tuni: ɗan kanzagi. Kanzagi ƙaramar ganga ce da ke raka babba, ba ta jan kiɗa, sai dai ta amsa. Ni a wurina ta fi dacewa da mutanen nan, don soja ko ba komai yakan shiga haɗari.

Batun “mai sharhi” ne ke ɗan sosa mini rai. Sharhi kalmar Larabci ce ta zauren karatu: malami ya ɗauki matani, kamar Risala, ya warware shi jimla bayan jimla har ɗalibi ya fahimta. Yau kuwa duk wanda ya sami makirufo ko ya buɗe shafin Facebook sai ka ji mai gabatarwa ya ce “mai sharhi kan al'amuran yau da kullum”. Haba! Wanda aka biya ya zagi wane, me ya warware? A ce masa mai yi wa wane farfaganda, kiran sa haka ba zagi ba ne.

Tambaya: To “kakaki” fa, kamar kakakin gwamna?

Amsa: Doguwar abar busa ce ta ƙarfe da ake busa wa sarakuna. Wanda aka naɗa ya yi magana da yawun hukuma shi ya gaji sunan.

Tambaya: “Baki shi ke yanka wuya”, gargaɗi ne ga masu wannan aiki?

Amsa: Ga kowa ne, ’yata. Su dai sun fi kusa da wuƙar.