Tambayoyin Masu Karatu: Famfon Gas da Ba Ya Daɗewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da tirela da ke jigilar hatsi daga Dawanau zuwa Kudu, injinta irin na da ne wanda ba shi da kwamfuta. Da ƙaramin famfon da ke jawo gas daga tanki ya lalace, na sayi sabo a kasuwa wanda ba na kamfanin motar ba ne, amma ba a daɗe ba motar ta koma rasa ƙarfi a kan hawa, kuma da safe sai yaron mota ya yi ta buga famfon hannu kafin ta tashi. Na sake sayen wani, abin bai canza ba. Bakanikena ya ce kayan yanzu ne ba su da inganci, in nemi ɗan Beljiyam. Shin gaskiya ne duk famfon da ba na asali ba asarar kuɗi ne? Daga wani mai tirela a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai gaskiya a maganar bakanikenka, domin kasuwa cike take da jabun kaya, amma idan famfo biyu suka nuna ciwo iri ɗaya a mota ɗaya, ni ina ganin an bar jaki ne ana dukan taiki. Alamomin nan biyu da ka ambata sun fi nuni ga hanyar da gas ke bi kafin ya iso famfon, kuma ko na kamfani ka ɗaura a kan wannan hanyar, abin da ya sami na baya shi zai same shi.

Irin injin da ka kwatanta yana da famfo biyu. Babban, wato famfon injekta, shi ke matsa gas zuwa nozul. Ƙaramin kuwa, wanda ke manne a jikin babban, aikinsa ya zuƙo gas daga tanki, ya tura shi ta cikin filta da matsin da a yawancin injuna irin wannan bai wuce bar 1 zuwa 2 ba (bar ma'aunin matsi ne). Cikinsa babu wani abu mai wuyar sha'ani: fistin ne da sifirin da ƙananan bawul biyu masu hana mai komawa baya. Tsakanin tanki da wannan famfo zuƙa ake yi, saboda haka idan tiyo ya tsage ko washar tagulla ta gaji, ba za ka ga gas yana ɗiga a ƙasa ba, iska ce za ta riƙa shiga, kamar mai shan lemo da tsinken da ya huje. Da rana injin yana jurewa, da dare kuma iskar ta ba man hanya ya sulale ya koma tanki, shi ya sa yaronka ke shan wahala da asuba.

Gwajin wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A samu guntun tiyo garai-garai wanda ake hango abin da ke cikinsa, a haɗa shi daf da mashigar ƙaramin famfon, a tayar da mota a zuba ido. Idan ƙananan kumfa na bin juna a cikin man, to iska na shiga daga baya. Daga nan sai a cire tiyon tanki a tsoma wani cikin jarkar gas mai tsabta. Idan motar ta warware, famfon ya fita daga zargi, a koma kan tanki. Sau da yawa idan aka zare bututun da ke nutse cikin tankin, sai a tarar da rariyar bakinsa ta toshe da baƙin taɓo mai yauƙi, wani lokaci har da guntun leda ko tsumman da aka taɓa toshe bakin tanki da shi. Wannan taɓon ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa da gas suka haɗu a gindin tanki. A kan shimfiɗaɗɗen titi ɗan man da ke ratsawa yana isa, amma da an kama wuri irin Hawan Kibo da cikakken lodi, injin zai nemi abin da hanyar ba za ta iya ba shi ba.

Akwai abubuwa biyu da bakanikai ke yawan tsallakewa. Na farko shi ne hujin numfashin tanki, wanda ƙurar hunturu ke toshewa. Idan ka buɗe murfin tanki bayan doguwar tafiya ka ji ya ja iska, to famfonka ya wuni yana kokawa da tankin da ba ya numfashi. Na biyu shi ne bawul ɗin da ke mayar da rarar mai zuwa tanki, domin shi ke riƙe matsin da ke cikin famfon injekta, kuma idan sifirinsa ya yi laushi, man zai riƙa komawa da wuri komai lafiyar ƙaramin famfon. Gejin auna matsi ne ke raba gardama a nan, a kwatanta abin da ya nuna da abin da littafin injin ya faɗa.

Game da saye kuwa, kayan da ba su fito a kwalin kamfanin mota ba ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Masu ƙera manyan motoci da yawa ba su suke yin famfunansu ba, daga kamfanoni irin su Bosch da Denso da Delphi suke karɓa, saboda haka famfon da ya zo da sunan ɗaya daga cikinsu, in dai na gaskiya ne, shi ne na asalin. Akwai kuma masana'antun da ke kwaikwaya da sunansu a fili, wasu cikinsu aikinsu ba laifi. Wanda nake tsoro shi ne mai satar suna da kwali, wanda robobinsa ba sa jure zafi. Idan robar da ke tsakanin famfon da injin ta saki, gas zai tsiyaya cikin man injin, kuma wannan ɓarnar ta fi kuɗin famfo nesa ba kusa ba. Idan ka ga man injin yana ƙaruwa a kan sandar awo maimakon ya ragu, kada motar ta tashi. Ɗan Beljiyam ba sharri ba ne, amma ba wanda ya san tafiyar da ya yi kafin ya iso hannunka, don haka a kai shi wurin masu saitin injekta su gwada, su sauya masa bawul da robobi. Ka saya da lambar da ke jikin tsohon famfon, ka guji saye da kamanni.

TAMBAYA: Malam, motata sabon yayi ce mai komon-rel, wato tsarin da ke tara gas a bututu ɗaya mai matsi sosai, kwamfuta tana raba shi ga injektoci. An ba ni shawara in ƙara mata famfon lantarki, in kuma cire filta ta biyu domin mai ya riƙa wucewa da sauƙi. Daga wani direba a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, don Allah kada ka taɓa filtar nan. Tsarin komon-rel, wanda Denso ya fara sa wa manyan motocin Hino a Japan a 1995, yana aiki da matsin da ke kaiwa bar 1,600 zuwa sama da 2,000, kuma ratar da ke tsakanin ƙarafunan injektocinsa 'yan maikiron ce kawai, alhali kaurin gashin mutum ya kai kusan maikiron 70. Filta ta farko mai raba ruwa tana tare manyan tarkace, ta biyun ce ke kama abin da ya kai maikiron 2 zuwa 5, wanda ido ba ya gani amma shi ke cinye injekta. Idan tana yawan toshewa, tana gaya maka halin da tankinka da man da kake sha suke ciki ne. Ka riƙa kwance ƙaramin murfin da ke gindin kofin filta ta farko kana zubar da ruwan da ya taru, musamman da damina.

Haka kuma a yawancin irin waɗannan famfuna gas ɗin da kansa ne ke shafe ƙarafunan ciki. Tun da aka rage sinadarin sulfa a man gas, wanda Tarayyar Turai ta mayar kashi 10 cikin miliyan a 2009, ƙasashen ECOWAS kuma suka amince da kashi 50 cikin miliyan a 2020, santsin man ya dogara ne ga abin da matata ke ƙara masa. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir ba shi da wannan santsi, kuma idan babban famfo ya fara cin kansa, garin ƙarfen zai bi har cikin injektoci ya dawo tanki, sai an wanke ko an sauya kusan komai. Saboda haka jarkar 'yan bumburutu ta fi haɗari ga motarka fiye da tirelar Alhajin da ya yi tambayar farko.

Famfon lantarki yana da amfani idan geji ya nuna ana buƙatarsa, amma da sharuɗɗa. Ya dace da wutar motar, domin manyan motoci da yawa volt 24 suke amfani da shi, a irinsu na volt 12 zai ƙone. Matsinsa kada ya wuce abin da kamfanin injin ya ƙayyade. A ɗaura shi kusa da tanki kuma ƙasa-ƙasa, tun da ya fi iya turawa a kan zuƙa, a sa masa rariya a mashigarsa, sannan mai gyaran wutar mota ya haɗa shi da fiyus da rile ta yadda zai mutu da zarar an kashe mota. Kuma kada ka yarda wani ya sassauta bututun injekta yana neman iska alhali injin na aiki, kamar yadda aka saba yi wa tsofaffin motoci, domin a wannan matsi tsartuwar gas tana huda fata ta shiga nama, kuma irin wannan rauni aikin tiyata ne na gaggawa ko da hujin bai fi na allura ba.