Tambayoyinku: Wai zanen furanni ma sana'a ce?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Samaru, zane-zane nake karanta. A lakca malaminmu ya ambaci wata Baturiyar Ingila wai ita Clara Pope, yace da fuskokin mutane take zanawa 'yan mitsi-mitsi, daga baya ta koma furanni. Dan Allah wace ce ita? Sannan Babanmu baya so ina zana mutane, yace in dai zanen ya zama dole toh in tsaya a itatuwa, ni kuma gani nake waya ta riga ta kashe wannan aikin tunda kowa da kyamara a aljihunsa.
Ƙanwarki daga Samaru

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sunanta na gida Clara Maria Leigh, 'yar Landan ce, an haife ta wajen 1767. Mijinta na farko Francis Wheatley shima mai zane ne sananne, amma ya rasu a 1801 da bashi a wuyansa ya bar ta da yara, kinga kenan zanen nan ba na marmari bane a wajenta, da shi take cefane, tana yi tana kuma koyar da 'ya'yan manya. Tun 1796 ake rataye aikinta a baje kolin Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Landan. Sunan Pope ɗin da kika ji na mijinta na biyu ne, Alexander Pope, ɗan wasan kwaikwayo mutumin Ailan, da ta aura a 1807.

Waɗannan ƙananan hotunan, ki ɗauka su ne fasfo na zamanin. Basu cika tafin hannu ba, mutum zai saka na matarsa a aljihu in zai yi tafiya, mace ta rataya na ɗanta a sarƙar wuya. A kan hauren giwa ake yinsu, a yanko shi siriri har haske na ratsa shi, shi yasa fatar fuskar ke fitowa kamar da jini a jiki. Sai dai haure baya shan ruwa irin takarda, kina shafa fenti da yawa zai zame, dan haka ɗigo-ɗigo ake bi da bakin burushi, a gama ido ɗaya a huta a dawo kan ɗayan. Fentin kuwa na ruwa ne, kuma abin da ke riƙe launinsa ƙaro ne, eh ƙaron nan dai da ake sawa a tawadar allo.

Toh wannan haƙurin ne ta kwaso ta kai kan fure. Wanda ya saba ƙirga gashin gira ai jijiyar ganye ba zata gagare shi ba. Ita ta yi wa wani masanin tsirrai, Samuel Curtis, zanen littafinsa na 1819 kan furen kameliya, wanda dangin ganyen shayi ne, manya-manyan shafuka da aka buga sannan aka bi su da launi da hannu. Ta rasu a watan Disamba 1838, kuma a 1839 aka bayyana wa duniya hoton kyamara. Ba a daɗe ba masu ƙananan hotunan fuska suka rasa kasuwa, dan wa zai zauna kwana da kwanaki gaban mai zane alhali ga na'ura mai arha?

Amma ki lura, na fuska ne ya faɗi, na tsirrai har gobe masana suna nema. Dalili, waya abin da ta tarar ranar shi take ɗauka, da inuwa da ganyen da tsutsa ta ci da ciyawar baya duk a cakuɗe. Mai zane kuwa a shafi ɗaya zata kawo miki toho da buɗaɗɗen fure da 'ya'ya da iri da saiwa, abubuwan da ba lokaci guda suke fitowa ba, ta tsaga furen biyu ki ga cikinsa, ta sa ma'auni a gefe.

Maganar Baba kuma, hukuncin zanen mai rai na malamai ne ba nawa ba, ni dai nace zaɓin da ya baki ba ƙarami bane, musamman ke da kike Samaru ga cibiyar binciken noma ta IAR a bakin ƙofarki. Tun 1916 wani likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga, mu da muke da sunayen a baki su waye a cikinmu suka zauna suka zana sabara ko kalgo yadda ya kamata?

Ki fara da zoɓo. Mutane da yawa sun ɗauka jan da muke dafawa shine furen, alhali furen fari-fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, kunnuwa biyar, da ja mai duhu a can tsakiya, jan nan mai kauri rigar da ke rungume da shi ce, sai furen ya faɗi take kumbura. Ki nemi fensir mai tsini da reza da gilashin ƙara girma, ki rubuta rana da wurin da kika tsinko. Kuma ki fita da sassafe, dan kafin la'asar ya yi yaushi.