Amsa ga Hajiya kan maganar shiga likitanci

Salamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki, kin ce yaron yana SS2, yana son likitanci a BUK ko ABU, kina tambaya wane wurin lesin ne mai kyau. To ni dai abin da na fahimta kina tambaya shi ne yadda za a yi ya samu gurbi, don haka shi zan amsa miki.

Kar maki 150 ɗin nan da JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta sanar a 2025 ya ruɗe ki. Wannan mafi ƙarancin makin da za a duba mutum da shi ne a jami'a, bai shafi likitanci ba ko kaɗan. Hukumar likitoci, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa dubbai. A sakamakon farko na shekarar, sama da kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka zauna JAMB ba su kai maki 200 ba a cikin 400. Shi yaron ya sa ransa a 300, in ya faɗo ya faɗo kusa.

Jarrabawar kanta tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne. Ki lissafa, daƙiƙa 40 kenan kowace tambaya. Yawancin yaranmu ba rashin sani ke kayar da su ba, lokaci ne ke ƙare musu suna tsakiyar lissafin Fiziks. Don haka daga yanzu ya riƙa yin tsofaffin tambayoyi a kan kwamfuta, da agogo a gabansa, ba a takarda yana kwance a kan tabarma ba. Na likitanci Turanci ne da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, babu Lissafi a ciki. Amma ki lura, a JAMB nake nufi babu, a WAEC ko NECO dole ne. Kiredit biyar: Turanci, Lissafi, da waɗancan ukun, kuma jami'o'i da yawa a zama ɗaya suke so, ba a haɗa na bana da na bara. Kuma kar ya ce C6 ma kiredit ne. A Jami'ar Legas kashi 50 na JAMB ne, 30 na Post-UTME, wato jarrabawar tantancewa ta jami'ar kanta, 20 na sakamakon sakandare, kin ga mai A1 ya riga ya ba mai C6 rata tun ba a zauna ba. Kowace jami'a da nata lissafin, a karanta sanarwarta ta shekarar.

Sai rabon gurabe. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, galibin jihohinmu na Arewa suna ciki. Wannan dama ce, amma ga wanda ya sa jami'ar a zaɓin farko. Wanda ya sa BUK a na biyu kamar bai sa ba ne.

Yawwa, ga inda ya fi ci min rai: masu kafe, wato shagunan intanet. Uwa ta sha wahala, yaro ya ci 290, sai a tarar mai shagon ya yi masa rajista da imel ɗinsa da layin wayarsa don sauri, ga layi a bayansa yana kiran na gaba. Ranar da za a canza kwas ko a karɓi gurbi, an nemi mutumin an rasa, ya tashi daga unguwar. Ko a NIN an rubuta Muhammad, a WAEC Mohammed, ranar haihuwa ma daban. Ko sakamako ya fito ba a ɗora shi a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbi, ba, yana nan a matsayin wanda ake jira, jami'a kuwa ba za ta iya ba shi gurbi a haka ba. Wallahi duk shekara sai an yi wannan asarar, kuma sai a koma ana cewa don ba mu da kowa a sama ne. Daga nan wani ya zo ya ce a kawo kuɗi yana da hanya. Tun 2017 da aka fara CAPS, duk gurbin da bai bi ta can ba JAMB ba ta san da shi ba, sai lokacin bautar ƙasa abin ya fashe. Ki saya masa layinsa na kansa, da shi zai tura NIN zuwa 55019 ya karɓi lambar profile da ake yin rajista da ita, a ajiye layin kar ya mutu. A cibiyar da JAMB ta amince da ita za a yi, ke ko babansa wani ya tsaya a kai a karanta kowane harafi kafin a tura.

Shekaru ma, sai ya cika 16. In kuma bai samu ba a karon farko, akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da ABU ke kula da ita, a shiga aji biyu kai tsaye, amma guraben likitanci ta nan sun fi ƙaranci, wannan sai wani lokaci.

Maganar lesin kuwa, kafin ki biya ko sisi ki turo min hoton sakamakonsa na zangon da ya wuce, Kemistiri da Fiziks nake son gani, daga nan za mu san inda za a fara.