Amsa kan tilasta sunan gaskiya a wasannin intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce tunda zage-zage sun yi yawa a wasannin intanet, me zai hana a tilasta wa kowa ya fito da sunansa na gaskiya, ko kunya za ta sa a daina. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma wallahi ban goyi baya ba.

An gwada fa. A watan Yulin 2010 kamfanin Blizzard, waɗanda suka ƙirƙiro wasan World of Warcraft, suka sanar cewa duk ɗan wasan da zai yi rubutu a dandalin tattaunawarsu na intanet, cikakken sunansa zai bayyana. Wani ma'aikacinsu ya sa nasa sunan don ya nuna ba abin tsoro ba ne. Nan take mutane suka shiga tono, suka baza adireshi da lambar waya. Kwana uku kacal kamfanin ya janye.

Koriya ta Kudu kuwa doka ta yi a 2007, sai ka tabbatar da ko kai wane ne kafin ka yi rubutu a manyan shafuka. To ina bayanan suke taruwa? A hannun kamfanoni. A 2011 aka yi wa Nate da Cyworld, wasu manyan shafukan ƙasar, kutse, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 35. A 2012 kotun tsarin mulkinsu ta soke dokar, kuma cikin dalilanta har da cewa ba a ga ɓatancin ya ragu yadda aka yi zato ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda abin zai faɗa wa. Mara kunya, ko da sunansa da hotonsa zagi zai yi, kullum muna gani a Facebook. Amma yarinyar da take wasa da laƙabi don kada a gane mace ce a fara bibiyarta fa? Yaro ɗan shekara 13 fa, da yake wasa da baƙin da bai san su ba? Daga suna ake gano makaranta, daga makaranta a gano gida. Kuma rigimar wasa ba a allo take tsayawa ba. A 2017 a Amurka, gardama ta kaure kan wasan Call of Duty, wani ya kira 'yan sanda da rahoton ƙarya, suka je wani gida a garin Wichita suka harbe mutumin da ko wasan ba ya ciki.

In gyara ake so, kamfanoni su ɗauki ma'aikatan da za su duba ƙorafi, su rufe asusun mai zagi, su hana shi buɗe sabo cikin sauƙi. Wannan kuɗi yake ci, shi ya sa ba sa so. Ku kuma masu yara, don Allah a daren nan ku duba da wane suna suke wasa.