Ɗan shekara 13 a Gombe ya makara a wasan tanis?

Malam, ɗanka bai makara ba, amma manyan 'yan wasan da wuri suke farawa. Carlos Alcaraz na Sifaniya, haihuwar 2003, yana shekara 4 ya fara, don mahaifinsa a kulob ɗin tanis yake aiki. Yana 15 Juan Carlos Ferrero, tsohon gwarzon tanis na Sifaniya, ya karɓi horar da shi. Sai da ya bi ƙananan gasannin Hukumar Tanis ta Duniya (ITF) da na Challenger kafin ya ɗauki kofin babbar gasar US Open ta Amurka a 2022.

Kuɗin tafiya ne ke karya yara a irin waɗannan ƙananan gasanni: jirgi da masauki daga aljihunka, kyautar kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Ka fara kai shi gasannin matasa na Hukumar Tanis ta Najeriya, a ga ƙarfinsa tukuna.